Ginin Manhaja: Jiya a Rumbu, Yau a Kasuwa

A shekarar 1976, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, Steve Johnson ya faɗo ofishin abokin aikinsa Stuart Feldman ransa a ɓace. Safiya guda ya ɓata yana farautar kuskure a cikin manhajar da ba ta da kuskure. Ashe tun tuni ya gyara rubutun, sai dai ya manta bai sake juya fayil ɗin zuwa harshen na'ura ba, saboda haka tsohon ne yake ta gwadawa yana ta cizon yatsa. Shi ma Feldman ya ɗanɗani irin wannan azabar a daren da ya gabata. Cikin 'yan kwanaki ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja ya sa mata suna make. Shekarunta sun kai kimanin 50 yanzu, kuma da wuya ka buɗe kwamfutar wani mai rubuta manhaja a Linux ka rasa ta. A 2003 ƙungiyar ACM ta ba Feldman lambar yabo dominta.

Wanda bai taɓa leƙa wannan sana'a ba zai ɗauka manhaja abu guda ce dunƙulalliya. A wurin mai rubuta ta kuwa, tarin fayiloli ne, wani lokaci goma, wani lokaci dubbai. Kowanne sai an miƙa shi ga kamfaila ta juya shi daga rubutun da mutum ke karantawa zuwa abin da na'ura ke ganewa, sannan a ɗinke gutsattsarin su zama abu guda mai tashi. Wannan shi ne abin da muke kira gini. Kuma ginin yana da tsari: wani fayil ba ya ginuwa sai wani ya riga shi. Kafin make, mutum ko dai ya riƙe wannan tsari a kansa, ko ya sake gina komai daga tushe duk lokacin da ya taɓa harafi ɗaya, a kan injinan da gini ɗaya ke iya cinye musu lokaci mai tsawo.

Dabarar Feldman ba ta da wuyar fahimta, kuma a ganina wannan ne sirrin tsawon ranta. Za ka buɗe fayil mai suna Makefile ka rubuta dokoki. Kowace doka kashi uku ce: abin da kake son samu, abubuwan da ake yin sa da su, da umarnin da za a bayar don a yi shi. Idan ka buga make, sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe. In abin da aka gina ya girmi ɗaya daga cikin kayan ginin nasa, to ya tsufa, a sake shi. In kuwa shi ne sabo, a ƙyale shi. Shi ke nan. Tambaya ɗaya take yi, me ya sauya tun ginin baya, kuma agogo ne shaidarta.

Dogaro da agogo yana da nasa sharrin, kuma mu da muka yi aiki da kwamfutocin gwanjo mun san shi ciki da bai. Akwai wani ɗan ƙaramin batiri mai kamar kwabo a jikin allon kwamfuta wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwamfutar ta farka tana ganin kanta a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ka gyara rubutu yau, fayil ɗin ya ɗauki kwanan watan shekarun baya, make ta duba ta ga abin da aka gina makon jiya ya fi shi sabunta, ta ce maka babu aikin yi. Wani lokaci ta yi maka gargaɗi cewa agogo ya karkace, ginin ƙila bai cika ba, wani lokaci kuma gargaɗin ya bi ta cikin tarin rubutun da ke gudu a baƙin allo ba ka gani ba. Ciwon Steve Johnson ke nan ya dawo ta taga bayan an kore shi ta ƙofa.

Sai kuma maganar Tab. Layin umarni a cikin Makefile dole ya fara da danna maɓallin Tab. In ka sa tazara takwas a madadinsa, ido ba zai bambanta su ba, amma make za ta tsaya cak ta ce missing separator, ta ba ka lambar layin, ka zura masa ido ka ga lafiyarsa ƙalau. Feldman da bakinsa ya faɗi yadda abin ya samo asali: yana ɗan wasa ne da wani sabon kayan aiki mai suna lex, ya ga hakan ya fi masa sauƙi, kafin ya farga mutum goma sha wani abu sun fara amfani da make, yawancinsu abokansa, shi kuma bai so ya ɓata musu fayilolinsu. Kunyar abokai 'yan ƙalilan ta zama larurar miliyoyi. Sai a 2010, a siga ta 3.82, GNU make ta ba da damar a zaɓi wani harafi a madadin Tab, kuma zuwa lokacin kowa ya saba, kusan babu mai damuwa ya sauya.

Babban raunin make dai shi ne ba ta san komai ba sai abin da ka gaya mata. In fayil ya dogara da wani kai kuma ka manta ba ka rubuta ba, ba za ta taɓa ganowa ba. Daga nan aka gaji wata al'ada: da zarar abu ya rikice an rasa kansa, a buga make clean, a share duk abin da aka gina, a fara daga farko. Duk wanda ya buga wannan umarni ya amsa ke nan cewa bai yarda da abin da kayan aikinsa ke gaya masa ba. Na jima ina lura da cewa wannan al'ada ce kaɗai ta tsallake duk sauye-sauyen da suka biyo baya ba ta ko girgiza ba.

Zamanin da ya biyo shi ne na umarni uku da duk ɗan Linux ya haddace: configure, make, make install. David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991 saboda injinan Unix na lokacin kowanne da halinsa, kuma aikin configure shi ne ya lalube kwamfutarka ya ga me take da shi, me ta rasa. Layuka su yi ta gangarowa, checking for wannan, checking for wancan, yes, yes, no. Sai can ya tsaya ya ce babu laburare kaza. A lokacin da intanet sai a kafe, wannan layin guda yana nufin ka rufe kwamfuta, ka nemi abin hawa, ka sayi awa, ka sauko da laburaren a filashi, ka dawo gida, ka gano shi ma yana buƙatar wani. Masu ƙarfin hali su kwana a kafe saboda kuɗin dare ya fi sauƙi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zaci kewar wancan zamani nake yi. Wahala ce zalla, kuma ta kori yara da yawa masu basira daga sana'ar tun ba su fara ba.

Amma akwai abu ɗaya game da wancan lokaci: duk abin da ya shiga manhajarka, da hannunka ka ɗauko shi. Ka san sunansa, ka san inda ka ajiye shi, kuma in ka gina yau, ka gina baɗi ba tare da ka nemi izinin kowa ba.

Mutanen Java ne suka karkatar da akalar. James Duncan Davidson ya rubuta Ant don gina Tomcat, aka fitar da ita a matsayin kayan aiki mai zaman kansa a 2000. Ta kawar da rigimar Tab ta kawo XML, wanda ke sa mutum ya rubuta layi goma don faɗin abin da Makefile ke faɗa a biyu. Ant make ce a sabuwar riga. Wadda ta kawo sauyi na haƙiƙa ita ce Maven, ta Jason van Zyl, da sigarta ta farko ta fito a 2004. Maven ta ce ka daina gaya mini yadda zan yi gini: ajiye rubutunka a folda kaza, gwaje-gwajenka a folda kaza, ni na san sauran. Sannan ta ce ka daina yawon neman laburare. Rubuta sunansa da lambar sigarsa a pom.xml, zan je babbar ma'ajiya ta Maven Central in ɗauko. Daga Maven 2 a 2005, ta fara ɗauko har abin da laburaren ya dogara da shi, da abin da wancan ma ya dogara da shi, har iya inda zaren ya ƙare. Ka rubuta suna uku, ka leƙa folda ta .m2 ka tarar da gomomi waɗanda ba ka taɓa jin labarinsu ba.

Da, hatsin gida a rumbu yake, mai gida ya san buhu nawa ya zuba da gonar da suka fito. Yanzu awo ake yi, kuma ba ma kai ke zuwa kasuwar ba, yaron aike ne, shi ke zaɓar mai awon, shi ke karɓo canji. Tuwon ya fi saurin sauka, babu musu. Ranar da kasuwa ba ta ci ba ne ake gane bambancin.

Gradle, wadda Hans Dockter ya jagoranci ƙirƙirarta, ta kai siga ta 1.0 a 2012. Ta riƙe tsarin ɗauko laburare na Maven, ta jefar da XML, ta ba mutum damar rubuta dokokin gini da harshen Groovy, daga baya kuma da Kotlin. Da ta tsaya a nan, da ƙila ta zama ɗaya daga cikin zaɓuɓɓuka. Amma a watan Mayu na 2013 Google ya sanar da Android Studio kuma ya ɗora shi a kan Gradle. Tun da yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu Android ne, yaron da ya ce zai koyi yin manhajar waya a Kano ko Zariya ko Maraɗi, Gradle ce ke tarbarsa a bakin ƙofa, ko ya san sunanta ko bai sani ba.

Ga yadda tarbar take. Ya buɗe sabon aiki, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. A ƙasan allo wani ɗan layi ya fara motsi. Da farko wani ƙaramin fayil mai suna gradlew zai je ya sauko da ita kanta Gradle, sigar da aikin ya ambata, wadda nauyinta ya haura megabait 100. Sannan a sauko da abin da ke haɗa Gradle da Android, sannan kayan Kotlin, sannan laburaren AndroidX ɗaya bayan ɗaya. Yaron yana kallon wayarsa da ya kunna wa hotsifot, saƙon kamfanin waya na shigowa cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Fankar kwamfutar mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 ta fara kuka, don Gradle tana barin wani ɓangare nata a kunne a bayan fage domin gini na gaba ya yi sauri, shi kuma wannan ɓangaren cin ƙwaƙwalwa gare shi. In sabis ya yanke a tsakiya, sai jan rubutu ya cika allo.

"Malam, ya ƙi ginuwa."

"Me ya ce?"

"Wai could not resolve, sai wani dogon suna."

"Akwai data a wayar taka?"

Shiru. Kuma in ya je neman magani, shawarar da zai fi cin karo da ita ita ce ya share ma'ajiyar Gradle ya sake farawa. Masu JavaScript su ma nasu maganin ke nan, a share node_modules a sake saukowa. Make clean ce ta dawo da sabon suna. Bambancin shi ne a 1990 sharewa lokaci kawai take ci, ka je ka sha shayi ka dawo. Yau kuɗi take ci, kuma wanda ya rubuta shawarar yana zaune ne a inda ba a auna masa intanet da mudu. A Najeriya kuwa, a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Shi ya sa a wuraren koyar da manhaja na wajenmu aka koyi dabarun da ba su cika fitowa a littattafan koyarwa ba. Mutum ɗaya ya yi ginin farko a inda sabis ke da ƙarfi, sannan a kwafi foldar .gradle ko .m2 a filashi a zagaya da ita. A kunna yanayin offline don kada Gradle ta leƙa waje. A kafe lambar kowace siga, a hana alamar nan ta ƙari da ke cewa a ɗauko mafi sabunta. Wanda ya ƙware ya mayar da tsohuwar kwamfuta guda ta zama ma'ajiyar cikin gida, kowa ya riƙa ɗiba daga gare ta. Abin dariya, manyan kamfanoni ma haka suke yi, sai dai su tsoron ɓarayi da tsoron tsayawar aiki ne ya kai su, mu kuwa tsadar data.

Tsoron nasu yana da tushe. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi saɓani da masu kula da ma'ajiyar npm a kan sunan wani kunshi nasa, ya fusata ya janye kunshinsa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi a hagun rubutu. Nan take gine-gine suka fara rushewa a faɗin duniya, har da na masu amfani da Babel da React, galibinsu ba su ma san suna dogara da shi ba. Cikin sa'o'i npm ta maido da shi, daga baya ta tsaurara dokar janye kunshi. A Fabrairun 2021 kuma kamfanin JFrog ya sanar zai rufe JCenter, ma'ajiyar da shekara da shekaru Android Studio ke rubuta sunanta a kowane sabon aiki. Tsofaffin ayyuka da yawa da ba wanda ya taɓa su sun wayi gari suna buƙatar gyara kafin su ginu.

Watan Maris na 2024 ya haɗa mana darasi biyu a mako biyu. Ranar 14 ga wata, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Najeriya da Gana da Kodebuwa da maƙwabtansu suka shiga kwanakin da shafi ɗaya ke ɗaukar dogon lokaci kafin ya buɗe. Mai Makefile da kayansa a faifai bai da abin da ya dame shi. Wanda gininsa sai ya gaisa da wata saba a Turai ko Amurka kafin ya motsa, sai haƙuri.

Na biyun ya fi tayar da hankali. Ranar 29 ga wata, Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu aikin PostgreSQL, ya bayyana cewa ya gano ƙofar baya a cikin xz, ƙaramin kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga kwamfuta ta ssh ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, shi kuma mutum ne da ba ya barin irin wannan ta wuce. Da aka bi sawu, sai aka ga wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da aikin shi kaɗai, har ya sami amana da ikon fitar da sabuwar siga. Inda ya ɓoye mugun abin shi ne abin lura. Bai sa shi a rubutun C da mutane ke dubawa ba. Gangar jikin ya cusa ta a cikin fayilolin gwaji da aka ce lalatattu ne da gangan, kunamar da ke tayar da ita kuma ya dasa ta a wani fayil na gini mai suna build-to-host.m4, wanda configure ke bi ta kansa. Wannan gurɓataccen fayil yana cikin kunshin da ake rabawa ne kawai, babu shi a ma'ajiyar git da kowa ke gani. Ya san configure rubutu ne mai layuka dubbai da inji ya haifa, kuma ya san shekara 30 ke nan muna buga shi muna kallon yes, yes, no ba tare da mun karanta ba. Sigogi 5.6.0 da 5.6.1 sun riga sun shiga rassan gwaji na Debian da Fedora kafin a kama su.

Wannan ya rushe mini rabin abin da na yaba wa zamanin da, don fayil ɗin da aka yi amfani da shi na tsohon zamani ne, ba na Gradle ko npm ba. Mun daina karanta ginin tun kafin mu fara aika shi kasuwa. Ken Thompson ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Turing da aka buga a 1984, inda ya nuna cewa kamfaila da kanta za ta iya dasa abin da babu shi a rubutu. A 2020 aka ga irinsa a aikace, lokacin da aka kutsa injinan gini na SolarWinds, gurɓatacciyar siga ta isa ga abokan cinikinsu kimanin 18,000.

Ba a zauna haka nan ba. Tun 2013 mutanen Debian suke aikin ganin cewa in mutum biyu suka gina rubutu ɗaya a wurare daban, abin da zai fito ya zama iri ɗaya har zuwa bait na ƙarshe, ta yadda kowa zai iya tantance aikin wani. Bazel, da Google ya saki a 2015, ta rage dogaro da agogo ta koma lissafa tambarin abin da ke cikin fayil, kuma tana killace kowane mataki na gini don kada ya taɓa abin da ba a ambata ba. Da ita ce a hannun mai kwamfutar gwanjo, da mataccen batiri bai yaudare shi ba, sai dai kafa ta aiki ne da ƙaramar tawaga ba ta cika iya ɗauka ba. Gradle ma tun 2020 tana iya rubuta wani fayil, verification-metadata.xml, mai ɗauke da tambarin kowane laburare da ta sauko, ta ƙi yin gini in wani ya sauya. Ina ba duk mai aikin da kuɗin mutane ko bayanansu ke bi ta ciki shawarar ya kunna shi, ko da yake fayil ɗin kan fito da tsawon da babu mai karanta shi, kuma duk sabunta laburare sai an sake shi.

Iyakar abin da wannan fayil yake tabbatarwa shi ne abin da ka sauko yau daidai yake da wanda ka sauko jiya, ko kuma mai aikin ne ya sa masa hannu. Kunshin xz 5.6.1 yana ɗauke da sa hannun Jia Tan, ɗaya daga cikin masu kula da aikin a lokacin, kuma tambarinsa bai taɓa sauyawa ba tun ranar da aka fitar da shi. Da ya tsallake irin wannan bincike salin alin.